Wane littafi za a ba yaro? Tarihin littattafan labarai na ƴan firamare a gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji

1. Gabatarwa

Tambayar da ta haifar da wannan ƙasida gajera ce, kuma duk mai nazarin Hausa da ya taɓa zama da malaman firamare ya san ta: wane littafin labari ya kamata a ba yaro ya karanta? Amsar da ta fi saurin zuwa bakinmu, mu ƴan jami'a, ita ce mu jero sunayen da muka haddace tun shekararmu ta farko, wato Magana Jari Ce, Ruwan Bagaja, Iliya Ɗan Maiƙarfi, sai mu ƙara da wani kundin tatsuniyoyi, mu ɗauka magana ta ƙare. Manufarmu a nan ita ce mu nuna cewa wannan jeri yana da tarihi, kuma wanda bai san tarihin ba yana iya ɗora wa ɗan CP kayan da aka ɗaure domin wani kan daban.

Mun taƙaita nazarin ga gundumomi uku na jahar Maraɗi waɗanda babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 ta ratsa: Gidan Rumji daga yamma, Agye da Gazawa daga gabas. Rabon mulki ne na baya-bayan nan, domin Agye da Gidan Rumji sun samu matsayinsu ne a farkon shekarun 1970, ita kuwa Gazawa sai a 2011 aka cire ta daga Agye. Abin da ya haɗa su shi ne mafi yawan yaran da ke shiga aji Hausa suke ji tun daga gida, kuma birnin Katsina, inda Abubakar Imam ya yi karatu ya kuma koyar, bai fi tafiyar ƴan sa'o'i a mota daga kowace ɗaya daga cikinsu ba. Duk da wannan kusanci, an yi shekaru da dama littafin da ɗan Katsina ke karantawa a aji bai shiga ajin ɗan Gazawa ba. Dalilin haka muke son bi.

2. Ƙasa ɗaya, makaranta biyu

Mutanen wannan yanki ba baƙi ba ne ga Katsina da Gobir. Bayan da jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ci Katsina wajen 1807, gidan sarautar Haɓe ya yi arewa, har Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi wajen 1819. Gobirawa kuma, bayan yaƙin Gawakuke na 1836, suka kafa Tsibiri, wadda a yau take cikin gundumar Gidan Rumji. Iyakar da Faransa da Ingila suka yi yarjejeniya a kanta a 1904 da 1906, wadda ayarin Tilho ya bi ya kafa wa alamomi daga 1906 zuwa 1908, ta bi kusan sawun wannan tsohuwar gaba. Ba ta hana auratayya ko cin kasuwa ba, amma ta raba makaranta gida biyu.

A kudancin iyakar, Turawan Ingila sun zaɓi su fara koyarwa da Hausa cikin haruffan boko, saboda haka dole suka nemi littattafan Hausa. A arewacinta kuwa, dokar da gwamna janar Jules Carde ya sa wa hannu ranar 1 ga Mayu 1924 ta tabbatar da cewa Faransanci kaɗai za a yi amfani da shi a lakwal, ta kuma hana malamai yi wa yara magana da harsunansu. Daga nan ne al'adar symbole ta samu gindin zama, wato wani abin kunya da ake rataya wa yaron da aka kama yana Hausa, shi kuma ya yi ta kasa kunne har ya kama wani ya miƙa masa. Tsofaffin ƴan lakwal na wannan yanki ba su manta da shi ba. Inda ake hukunta yaro don ya ce "ba ni alli", ba a zancen buga masa labari da harshen.

Ya kamata kuma mu tuna da ƙanƙantar abin. Lokacin da Nijar ta samu ƴancin kai a 1960, yaran da ke lakwal ba su kai kashi 5 bisa 100 na waɗanda suka isa shiga ba. Mafi yawan yaran Cadawa ko Gangara makarantar allo suka sani, labari kuwa da dare suke jin shi daga bakin kaka ko gwaggo, abin da mutanen nan ke kira gatana. Ashe ke nan ba labari yaron ya rasa ba. Takardar da labarin ke kai ce babu.

3. Zomo mai sunan Wolof

Ƴan tsirarun da suka shiga lakwal sun karanta labarai, sai dai da Faransanci, kuma labaran an tsara su ne domin dukkan Afirka ta Yamma ta Faransa a dunƙule. Na farko da ya yi suna shi ne Moussa et Gi-gla na Sonolet da Pérès (1916), wanda aka gina bisa tsarin Le Tour de la France par deux enfants: yara biyu suna yawo daga wannan mulki zuwa wancan, ko'ina suka sauka sai a nuna musu alherin Faransa. Daga 1929 jerin Mamadou et Bineta na André Davesne ya shigo, ya kuma daɗe ƙwarai, har bayan tafiyar Turawa. Shi Davesne tare da Gouin sun fitar da Contes de la brousse et de la forêt a 1932, kundin tatsuniyoyin dabbobi cikin Faransanci mai sauƙi.

Wanda ya fi cancanta mu tsaya a kansa shi ne La belle histoire de Leuk-le-Lièvre na Léopold Sédar Senghor da Abdoulaye Sadji, wanda ya fito a 1953 domin azuzuwan CE. Littafi ne mai kyau, kuma ba mu ga dalilin ɓoye haka ba: surorinsa gajeru ne, kowace tana da abin da ke jan yaro zuwa ta gaba, kuma marubutan sun san gatana daga ciki. Amma a dubi abin da ya faru ga ɗan Tsibiri da ya buɗe shi. Zomo ya san shi, kura ya san ta da haɗamarta, zaki ya san shi, gizo-gizo kuwa ai shi ne uban gayya a gatanar gidansu. Sai ga shi duk sun zo masa da sunayen Wolof, Leuk da Bouki da Gaïndé da Diargogne, suna magana da harshen mushe. Abin da yaron ya koya a fakaice shi ne labarin irin na kakarsa yana iya shiga littafi, amma sai ya bi ta Dakar da Paris ya sake suna. Gizo da Ƙoƙi da Botorami suka tsaya a bakin ƙofar aji.

4. Abin da aka yi a Zariya

Tarihin hukumar fassara da aka kafa a 1929, wadda ta koma hukumar talifi a Zariya ƙarƙashin Rupert East, sananne ne ga masu karanta wannan mujalla, don haka ba za mu maimaita shi ba sai gwargwadon bukatarmu. Gasar 1933 ta haifi littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East. Daga baya aka ɗauko Imam daga makarantar midil ta Katsina ya rubuta Magana Jari Ce, wanda ya fito cikin littattafai uku tsakanin 1937 da 1939. Aka kafa kamfanin Gaskiya a 1945, hukumar NORLA ta yi aiki a shekarun 1950, kamfanin NNPC ya gaje su a 1966.

Abu biyu muke son a lura da su. Na farko, waɗannan littattafai ba domin mai koyon haɗa baƙi da wasali aka yi su ba. East yana neman abin da zai sa wanda ya riga ya iya karatu ya ci gaba da yi don jin daɗi, marubutan kuma malamai ne da suka saba da manyan ɗalibai. Jumlar Imam doguwa ce, tana lanƙwasa, cike da karin magana da habaici da kalmomin fada. A Nijeriya akwai matakalar da yaro ke hawa kafin ya kai gare ta, irin su Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu da Ka Yi Ta Karatu. Idan aka ɗauko saman matakalar kaɗai aka kawo Agye, aka bar ƙasanta a Zariya, kada a yi mamaki in yaro ya kasa hawa.

Na biyu, zancen cewa waɗannan su ne "namu na gargajiya", saɓanin na Faransa da ke na aro, yana bukatar gyara. Akun da ke ba Musa ɗan sarki labari don ya hana shi fita yaƙi ya samo asali ne daga tsohon tsarin labaran aku na Indiya da Farisa, kuma Imam ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya, da Kalila wa Dimna, da tatsuniyoyin ƴan'uwa Grimm na Jamus. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa (1951) gwarzon Rasha ne, Iliya Muromets, aka naɗa masa rawani. Bambancin Imam da Davesne ba a wurin da suka samo labari yake ba, a wurin da suka kai shi yake. Imam ya kawo baƙon labari ya zaunar da shi a zauren Bahaushe har ya manta hanyar gida. Littafin lakwal kuwa ya ɗauki labarin gida ya kai shi baƙunta. Wannan darasi ne ga masu cewa kada a fassara wa yaranmu komai daga waje.

Bayan zamanin Imam an sami waɗanda suka nufi yara kai tsaye. Nuhu Bamalli ya rubuta Bala da Babiya don koyar da tsabta da kiwon lafiya ta hanyar labari. Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969, inda yaro Kilba ya yi tafiya sararin samaniya. Ibrahim Yaro Yahaya kuma ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni cikin littattafai shida a farkon shekarun 1970, wanda a ganinmu shi ne aikin da ya fi kusa da abin da malamin firamare ke nema.

5. Boko ta ƙofar mishan

Ba daidai ba ne a ce Hausar boko ba ta shigo wannan yanki ba sam a zamanin Turawa. Ta shigo, amma ta wata ƙofa. Ƙungiyar mishan ta SIM, wadda ta sauka Damagaram a 1924, ta buɗe tasha a Tsibiri a 1927, kuma da Hausa take aikinta, da littattafan da take kawowa daga Nijeriya. Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa a 1932. Daga baya Agye ta zama mazaunin makarantar koyon Littafi Mai Tsarki da Hausa. Barbara Cooper, cikin littafinta na 2006 a kan Kiristocin wannan yanki, ta nuna irin zargin da hukumar Faransa ke yi wa waɗannan masu jin Ingilishi da ke koyar da karatu ba da Faransanci ba, ga shi kuma dokar 1922 a kan makarantu masu zaman kansu ta wajabta Faransanci, ba ta bar wa harsunan gida fili ba sai na koyar da addini.

Sakamakon haka, a idon magidanci Musulmi na Tsibiri ko Cadakori, rubutu ya kasu uku, kowane da mai shi: Larabci da ajami na malam, Faransanci na kwamanda, Hausar boko kuwa ta mishan. Muna ganin wannan rabo yana cikin dalilan da suka sa iyaye suka yi ɗari-ɗari da littafin Hausa ko bayan da gwamnati da kanta ta kawo shi. A Katsina babu wannan matsala da irin wannan ƙarfi, domin can Hausar boko rubutun En'e ce, da ita ake rubuta takardar haraji da hukuncin alƙali, da ita kuma aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939.

6. Daga yaƙi da jahilci zuwa makarantun gwaji

Bayan ƴancin kai, manya aka fara koya wa karatu da Hausa, ba yara ba. An kafa ma'aikatar yaƙi da jahilci a 1963, aka buga jaridun karkara irin su Ganga, da ƙananan littattafai a kan gyaɗa da awo da lissafin kuɗin kungiyar manoma. Lakwal ta ci gaba da Faransancinta. Ko gwajin koyarwa ta talabijin da aka fara a 1964 da Faransanci aka yi shi. Abin da ya ƙaru a fagen labarin yara shi ne aikin Boubou Hama da Andrée Clair, irin su Le baobab merveilleux (1971) da La savane enchantée (1972). Labarai ne na ƙasar nan, mafi yawansu daga yammacinta, amma a Paris aka buga su, da farashin Paris.

A nan ne kuma wata matsala ta kunno kai wadda mu masana harshe muke da hannu a ciki. Bayan taron Bamako na 1966, Nijar ta ɗauki rubutun da ke ninka dogon wasali, Nijeriya kuwa ta tsaya a kan nata. Sai ya zama a Agye ana rubuta "gidaa" da "saaboo" da "may", a Katsina ana rubuta "gida" da "sabo" da "mai". Ta fuskar ilimin sauti, rubutun Nijar ya fi nuna gaskiyar harshe. Ta fuskar mai karatu kuwa, ya gina katanga tsakaninsa da duk abin da aka buga a Zariya cikin shekara talatin. Sai a taron daidaita rubutun Hausa da aka yi a cibiyar CELHTO ta Yamai a watan Janairu 1980 aka rushe katangar, kuma dokar ma'aikatar ilimi ta watan Oktoba 1999 ta tabbatar da ƙa'idojin da muke bi yanzu. Ɗan bambancin da ya rage, kamar ƴ a nan da 'y a can, yaro yana sabawa da shi cikin kwana ɗaya.

Makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci an buɗe ta a Damagaram a 1973, aka kafa cibiyar INDRAP a 1974, wadda ta ɗauki nauyin rubuta littattafan aji. Tsarin shi ne yaro ya yi shekaru uku na farko da harshensa, Faransanci na shigowa a matsayin darasi, daga aji na huɗu ya karɓi ragama. Gwajin ya bazu zuwa harsuna biyar, amma ya tsaya a makarantu 42 a duk faɗin ƙasa, ya kuma shekara fiye da ashirin ana kiransa gwaji. Taron ƙasa na 1991 ya amince da harsunan ƙasa goma, dokar ilimi ta 1 ga Yuni 1998 ta ba su matsayin harsunan koyarwa tare da Faransanci, kuma binciken da Herbert Bergmann da abokan aikinsa suka buga a 2002 ya nuna ɗaliban makarantun gwaji sun fi takwarorinsu iya karatu, ba su kuma gaza musu a Faransanci ba.

Sai dai abin da INDRAP ta fi bugawa littafin aji ne: na karatu, na lissafi, na jagoran malami. Littafin aji kuwa yaro yana gama shi cikin wata tara, idan mai ƙwazo ne ma cikin wata biyu ya haddace shi. Daga nan me zai karanta? Yaron da ya iya karatun Hausa a CE1 ya waiwaya bai ga komai ba sai allon aji. Cibiyoyin karatu na CLAC, waɗanda hukumar ƙasashe masu amfani da Faransanci ta ƙirƙiro a 1986 kuma Nijar ta samu rabonta, kantocinsu cike suke da Faransanci. Ƙoƙari na farko mai nauyi wajen cike giɓin shi ne na shirin 2PEB da Jamus ta tallafa wa daga ƙarshen shekarun 1990, wanda ta hanyar maɗaba'ar Albasa ya buga labarai da harsuna biyar. Daga baya maɗaba'ar Gashingo ta Yamai ta shiga buga littattafan yara masu hotuna da harsunan ƙasa. Raunin irin wannan aiki kowa ya san shi: littafi yana rayuwa ne iyakar rayuwar shirin da ya biya kuɗinsa, in shiri ya tashi ba a sake bugawa, kuma ba a taɓa gina hanyar da zai bi ya isa teburin mai sayar da littattafai a kasuwar Cadawa ba.

Kasuwa kuwa ba ta jira kowa. Daga ƙarshen shekarun 1980 littattafan soyayya na Kano suka fara ƙetaro iyaka tare da sauran kaya, irin su Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino. Ba domin ƴan firamare aka rubuta su ba, amma sun tabbatar da abin da aka daɗe ana musu a ofisoshin Yamai, wato mutanen wannan yanki suna sayen littafin Hausa da kuɗin aljihunsu idan labarin ya ja su.

7. To, wanne za a ba wane?

Lamarin ya ƙara nauyi a ƴan shekarun nan. Binciken PASEC na 2014 ya nuna ɗaliban Nijar da suka kai matsayin da ake bukata a karatu a ƙarshen firamare ba su kai kashi 10 bisa 100 ba. A na 2019 sun kai wajen kashi 30. Sabon tsarin koyarwa da ke fara wa yaro da harshensa an gwada shi a makarantu 500 kafin a faɗaɗa shi zuwa 5,000. Sannan kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Duk wanda za a tambaya jerin littattafai nan gaba, daga sassanmu zai fito. Ga abin da tarihin da muka bi ya nuna mana.

A CI da CP, babu ko ɗaya daga cikin littattafan 1930 zuwa 1950 da ya dace a miƙa wa yaro a hannu. Abin da yake bukata shi ne ɗan littafi mai shafi goma sha biyu ko sha shida, jumla ɗaya ko biyu a shafi, hoto babba. Irin wannan sai a nema wajen Gashingo, ko cikin abin da shirin RANA ya shirya wa makarantun Katsina da Zamfara da shirin Mu Karanta na Sakkwato da Bauci, ko a taskar African Storybook da ke intanet, wadda ta halatta a kwafa a buga kyauta. Tsofaffin littattafan a wannan mataki na bakin malami ne: ya karanta wa aji tatsuniya ɗaya daga kundin Yahaya, ya rera waƙar da ke ciki, ya bar yara su kawo yadda ake faɗarta a garinsu.

A CE1 da CE2 yaro na iya riƙe Tatsuniyoyi da Wasanni da kansa, domin ya riga ya san ƙashin labarin, abin da ya rage masa shi ne gane shi a rubuce, kuma wannan sani shi ne babban mataimakin mai koyon karatu. A nan ne kuma za a fara tsakuro gajerun labarai daga littafin farko na Magana Jari Ce, ɗaya-ɗaya, ba tare da dogon labarin sarki da waziri da ya kewaye su ba. A CM1 da CM2 sai Iliya Ɗan Maiƙarfi, wanda yaro gurgu ne ya miƙe ya zama jarumi, da Tauraruwa Mai Wutsiya, da Magana Jari Ce cikakke ga wanda ya iya. Leuk da littattafan Boubou Hama da Andrée Clair nan ne wurinsu a ɓangaren Faransanci, kuma yaron da ya riga ya karanta Gizo da Hausa zai karɓi Diargogne a matsayin baƙon da ya yi kama da ɗan gida.

Ruwan Bagaja muna shakkarsa a firamare, ko da yake shi ne ya fi ba da dariya. Abin da ke tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe zamba ce da ramuwar gayya daga farko har kusan ƙarshe, kuma daɗinsa yana ga wanda ya isa ya gane cewa marubucin wasa yake yi. Shaihu Umar, da bautarsa da rabuwar uwa da ɗa, da Jiki Magayi, a bar su sai kwaleji.

Akwai kuma maganar kalmomi, wadda masu jero sunaye ba su cika kula da ita ba. Ɗan Gazawa da dala da jika yake lissafi, littafin Zariya kuwa da kwabo da sule da fam. Shi lakwal ya sani da mushe da lokotoro da kwamanda, littafin yana ce masa elementare da joji da razdan. Ɗan Tsibiri yana da ƙarin nisa, domin Gobiranci yake ji: "sunka tahi" yake cewa inda littafi ya ce "suka tafi", "yac ce" inda littafi ya ce "ya ce". Wannan ba ya hana fahimta ga babba, amma ga mai shekara bakwai da ke haɗa harafi da harafi yana jiran kalmar da ya sani ta fito, kowane irin wannan saɓani tuntuɓe ne. Ba muna cewa a sake rubuta Imam da Gobiranci ba. Muna cewa bugun da za a kai wa waɗannan makarantu yana bukatar ɗan bayanin kalmomi a gindin shafi, kuma littattafan CI da CP gara a rubuta su a nan.

Abin rubutawa kuwa ba a rasa shi ba. Labarin Bawa Jan Gwarzo, da kafuwar Tsibiri, da yaƙe-yaƙen Ɗan Baskore da Ƙaura Hasau suna bakin makaɗa da tsofaffi, wasu kuma an riga an ɗauke su a rubuce tun daga rahoton ayarin Tilho har zuwa aikin Philippe David a kan Ƙaura Hasau. Haka nan Jacques Pucheu ya buga Contes haoussa du Niger a 1982. Amma waɗannan ayyuka ne na masu bincike, da Faransanci, kuma mai son ya mayar da su labarin ɗan CM sai ya yi hattara da abu ɗaya: jaruman Maraɗi da Gobir su ne abokan gaban jaruman da ake yabo a littattafan tarihi na kudancin iyaka, yaran kuma kasuwa ɗaya iyayensu ke ci. Ta fuskar tsofaffin littattafan Zariya, kamfanin NNPC ne ke buga su tun 1966, saboda haka duk wani bugu mai bayanin kalmomi ko taƙaitawa domin makarantun Nijar sai an zauna da shi da magadan marubutan kafin a taɓa ko shafi ɗaya.